Sarkin Musu, Taso Mu Leƙa Beinecke

Tun ban buɗe baki ba na ga ka taɓe naka. Wai laburare, wai kuma na tsofaffin littattafai. Ka ce, "Duk abin da ke faruwa a duniya, an rasa labarin da za a ba mu sai na takardun da suka ƙi ruɓewa?" Allah ya huci zuciyar Sarkin Musu. Gyara zama ka ara mini kunne, in ya so in na gama ka ɗora musunka daga inda ka tsaya. Na san halinka, ba gajiya kake yi ba.

Gidan da nake nufi yana cikin Jami'ar Yale, a birnin New Haven na jihar Connecticut a Amurka. Sunansa Beinecke, sunan wasu attajirai 'yan'uwa uku, tsofaffin ɗaliban jami'ar, waɗanda da dukiyar gidansu aka gina shi. An buɗe shi a watan Oktoba na 1963. Aikinsa adana littattafan da ko da kuɗinka ba ka samun irinsu a kasuwa, da rubuce-rubucen hannu, da wasiƙu, da taswirori, sannan a miƙa su ga duk mai son nazari.

Ka ce ai ka ga hotonsa, wani farin akwati ne ko taga babu, kabari kawai aka gina wa littattafai? Ahaf, na san za a rina! Gaskiya ne, in ka ɗauke falon ƙasa mai gilashi, babu taga a jikin ginin. Amma Gordon Bunshaft da ya zana shi ba mantuwa ya yi ba. Hasken rana maƙiyin takarda ne, yana kodar da tawada, yana busar da fata har ta karye. Sai aka yanko marmara daga jihar Vermont, aka fere ta har kaurinta ya koma kusan santimita 3, aka jera ta a madadin bango. Daga waje dutse ne fari, shiru. In ka shiga ciki rana na dukansa, sai ka ga bangon ya ɗauki wani haske ruwan zuma, jijiyoyin dutsen sun fito ɓaro-ɓaro, kamar yadda yaro ke kifa tafin hannu a bakin tocila ya ga jan namansa. A tsakiyar wannan haske wata hasumiyar gilashi ce ta miƙe, hawa 6, danƙare da littattafai kimanin 180,000. Sauran kuwa, waɗanda suka fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, suna rumbunan ƙarƙashin ƙasa. In wannan kabari ne, to lallai mamatan sun more.

Yauwa, ga ta nan zuwa, na ga leɓenka na rawa. Ka ce ka ji labari, in gobara ta tashi a gidan, wata na'ura ce ke zuƙe iskar kakaf don a ceci littattafai, duk wanda ke ciki kuwa sai dai a yi wa iyalinsa ta'aziyya. Wa ya faɗa maka? "An ce." To, An-ce ɗin nan tsoho ne, ɗaliban Yale ma sun daɗe suna tsorata baƙi da shi. Ga abin da ke akwai. In wuta ta kama laburare, ruwa ƙarasa ɓarna yake yi: abin da wuta ta rage, shi ya jiƙa shi ya dama. Don haka a wuraren ajiya iskar gas ake sakowa mai danne wuta. Tana rage oksijin har harshen wuta ya kasa ci, amma ɗan Adam yana numfashinsa ya nemi ƙofa. Ban da haka, hasumiyar ma ma'aikata kaɗai ke shiga, kai daga bayan gilashi za ka yi kallo. To me ya kai ka fargabar shaƙewa a ɗakin da ba a gayyace ka ba? Ka ce duk da haka ba ka yarda ba? Shi ke nan, kar dai ka je da ashana.

Abokin gaba na gaske ma ɗan mitsitsi ne. A 1977 aka gano ƙwari masu huda itace da takarda sun samu masauki a cikin wasu littattafai. Ka ce a fesa musu fiya-fiya mana, a huta? Haba Malam! Littafin da ya shekara 500 za ka yi wa wanka da fiya-fiya? Abin da suka yi, sai suka nannaɗe littattafan a leda suka jefa a firiza, sanyi ya kai digiri 36 ƙasa da sifili, har kwana 3. Ƙwaro da ƙwai da tsutsa duk suka sandare, takarda ko gezau. Dabarar ta karɓu, wasu laburaren suka ɗauka.

Ka ce to kai ko an kai ka ba abin da za ka taɓa, tunda ba ka da farar safar hannu? Fim ya cuce ka. Safar auduga kashe jin yatsa take yi, ka kama shafi ba ka san ƙarfin da ka sa ba, sai dai ka ji kyat, an yi abin kunya. Ga ta da kwasar datti. Masu aikin sun fi son hannu wankakke, busasshe, babu mai. Safa sai in hoto za a taɓa ko ƙarfe. A zauren nazari jakarka tana can a kulle a waje, biro haramun, fensir kaɗai ke shiga. Za a kwantar maka da littafin a kan matashin soso don kada ƙashin bayansa ya ɓalle, a ba ka wata igiya mai nauyi ka danne shafi da ita maimakon gwiwar hannunka. Kuma kafin ka ce sai farfesoshi ake bari: zauren baje koli kyauta ne ga kowa, ana sauya abin da aka baje a kai a kai cikin shekara, zauren nazari kuwa rajista ake yi da katin shaida mai hoto, ko ba ka taɓa zama a aji a Yale ba.

Ka ce wannan sa ido ya yi yawa, sai ka ce ana zargin mutum? Ana zargi mana! A watan Yuni na 2005 wata ma'aikaciya ta tsinci ɗan tsinin wuƙar yanka takarda a ƙasan zauren nazari. Aka duba waɗanda ke zaune, sai ga Edward Forbes Smiley, dillalin tsofaffin taswirori, mutum mai kwat da kwarjini, wanda ma'aikatan laburare da dama suka sani suke girmamawa. Aka kama shi da taswirorin da ya yanko daga cikin littattafai. Daga baya ya amsa cewa ya saci taswira 97 daga laburare 6 a Amurka da Ingila, darajarsu ta kai kusan dala miliyan 3, aka ɗaure shi shekara 3 da rabi. Irin wannan ɓarawo ba katanga yake haurawa ba, sallama yake yi a ƙofa har a ba shi kujera. Saboda haka in mai gadi ya kalle ka sau biyu, kar ka yi fushi, wataƙila kamala ce ta yi maka yawa.

Mu hau bene. A can cikin akwatin gilashi akwai Baibul na Gutenberg, wanda aka buga a Mainz ta Jamus wajajen 1455, juzu'i 2, kusan kowane shafi layi 42. Kimanin kwafi 180 aka buga, 49 suka rage a duniya, cikakku a cikinsu 21, wannan na daga ciki. Ya daɗe a gidan ibadar Melk a Ostiriya, aka yi gwanjonsa a New York a 1926, matar wani attajiri mai suna Edward Harkness ta saya ta ba Yale. Ka ce, "To wannan kam na sallama, ai shi ne littafi na farko da aka buga a duniya." Kash! Yau ɗaya ka yabi abu, kuma ka yabe shi a karkace. Mutanen Sin suna da littafin da suka buga da sassaƙaƙƙen katako mai ɗauke da kwanan watan 868, Koriya kuma ta buga Jikji da haruffan ƙarfe a 1377, tun ba a haifi Gutenberg ba. Babban littafi na farko ne da aka buga da haruffan ƙarfe a Turai, ka tsaya nan. Kusa da shi ga littafin tsuntsayen Amurka na John James Audubon, zane 435 da aka fitar tsakanin 1827 da 1838, tsayin shafi kusan mita guda, kowane tsuntsu an zana shi daidai girmansa. Ka ce Allah sarki, masoyin tsuntsaye? Harbe su yake yi, ya kafe gawar da waya ya zauna zane. Ya kuma mallaki bayi. Gidan nan ba na waliyyai zalla ba ne.

Yanzu zo in nuna maka ɗan'uwanka a taurin kai. Wani ɗan littafi ne, tsayinsa bai wuce santimita 23 da 'yan kai ba, shafi kimanin 240 na fatar maraƙi, a rajistar gidan lambarsa 408, duniya kuwa ta san shi da littafin Voynich. Rubutun a tsare yake tsaf, daga hagu zuwa dama, hannun marubucin ko rawa ba ya yi, ka rantse wasiƙa yake rubuta wa ƙaninsa. Matsala ɗaya ce: babu mahalukin da ya san haruffan, balle harshen. Zane-zanen ma ba su taimaka ba. Ga tsirrai masu saiwa da ganye da fure waɗanda akasarinsu an kasa cewa ga sunansu. Ga da'irori na taurari da buruji. Ga wasu 'yan mata tsirara suna wanka a koren ruwa cikin kwatamai masu haɗe da bututu. A'a, Malam, dawo da idonka nan, ba don su muka zo ba.

Ka ce rubutun aljanu ne, a kai wa masu bugun ƙasa? Aljanun da ke yanka maraƙi su jeme fata su dama tawada, ai sun zama maƙwabta. Ka ce to dillalin ne ya ƙirƙira don ya ci kasuwa? Ka ɗan matso kusa da hankali, domin wasu ma sun zargi Wilfrid Voynich, ɗan asalin Folan mai sayar da tsofaffin littattafai, wanda ya saye shi a 1912 daga hannun limaman Jesuit a kusa da Roma. Sai dai a 2009 Jami'ar Arizona ta gwada fatar, ta ce tsakanin 1404 da 1438 aka yanka dabbobin. Akwai kuma wasiƙu na ƙarni na 17 da ke maganar littafin, ɗaya har tana cewa Sarki Rudolf na Biyu ya taɓa sayensa da zinariya 600. Kasuwar ma ba ta ciwu ba: Voynich ya mutu bai sayar ba, dillalin da ya saye shi daga baya, Hans Kraus, ya sa masa farashin dala 160,000, aka rasa mai taya, ya gaji ya ba Yale kyauta a 1969. Ka ce don ba a samu masu kai ba ne? William Friedman, wanda ya jagoranci masu warware saƙonnin sirri na Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, ya shafe shekaru a kansa, ya tashi hannu rabbana. Kwamfuta ma an sa ta, ta yi ta lissafi ta bar shi yadda ta same shi. Kusan kowace shekara sai wani ya fito ya ce ya gano, jaridu su yi ta kururuwa, bayan mako biyu masana su tsefe maganar ta watse. An ɗauki hoton kowane shafi an sa a intanet kyauta, don haka ga fili ga mai doki.

Na ji ka. Ka ce duk waɗannan masana, in Bature ya ce takarda tsohuwa ce sai kowa ya ce amin, wa ya san jabu nawa ke jibge a ciki? To a nan, Sarkin Musu, karɓi hularka, ka ci ɗaya. Akwai jabu, kuma babba.

A watan Oktoba na 1965, ana gobe ranar tunawa da Columbus, Yale ta yi shelar cewa ta mallaki wata taswira ta wajajen 1440 wadda ke nuna gaɓar Amurka ta Arewa da sunan Vinland, wato shekara 50 da ɗoriya kafin tafiyar Columbus ta 1492. Attajiri Paul Mellon ne ya biya kuɗinta. Amurkawa 'yan asalin Italiya suka yi ca, wai an ci mutuncin gwarzonsu a jajibirin bikinsa. Taswirar kuwa ta zo da shaidu masu kyau: fatar tsohuwa ce ta gaske, kuma hudojin da tsutsa ta yi a jikinta sun dace da na wasu littattafai biyu na ƙarni na 15 da babu shakka a kansu. Maƙerin ƙaryar ya san aikinsa, tsohuwar fata ya samu mara rubutu ya yi zanensa a kai. Abin da ya tona shi tawada ce. Tun 1974 wani ɗakin gwaji a Chicago ya ce ya ga sinadarin titaniyam a cikinta, irin wanda sai a shekarun 1920 aka fara sarrafa shi. Aka yi ta ja-in-ja kusan shekara 50, wasu na cewa gwajin ne da gyara. A 2021 masanan Yale da kansu suka haska taswirar gaba ɗaya da na'urori, suka ga sinadarin a ko'ina cikin layukan, suka kuma ga an taɓa wani tsohon rubutu a bayanta da tawadar zamani don a ƙulla mata dangantaka. Jami'ar ta fito ta ce jabu ce, babu kwana-kwana.

Ka ce to sai a cinna mata wuta? Ina! Tana nan a adane, ana nazarinta a matsayin ƙarya mai tarihi. Ni a wurina wannan ya fi Baibul na Gutenberg ɗaga darajar gidan, domin ajiye abin alfahari kowa ya iya, amma ka sa kuɗinka da na'urarka ka ƙaryata kayanka da bakinka, sai mai ƙashin arziki. Abin dariyar kuma, maganar da taswirar ƙaryar ke yi gaskiya ce. Mutanen arewacin Turai sun riga Columbus isa can, an tono kufansu a L'Anse aux Meadows a Kanada a shekarun 1960, kuma gwajin itacen wurin ya nuna suna can a 1021. Shaidar zur ce aka kawo wa mai gaskiya.

Ka ce duk da haka tsohuwar takarda ba ta kawo ko sisi? Ka taɓo inda nake jira. A gidan akwai takardar bashi da aka rubuta a kan fatar akuya a 1648. Wata hukuma ce a Holan mai kula da shingen da ke tare ambaliyar kogin Lek ta ci bashin gilda 1,000 don gyara, ta yi alkawarin biyan ruwa har abada ga duk wanda ke riƙe da takardar. Hukumar ruwa, kuɗin ruwa, abin ya yi daidai. Yale ta sayi takardar a 2003, a 2015 kuma wani jami'in laburaren ya tafi Holan ya karɓo ruwan shekara 12 daga hukumar da ta gaji waccan: yuro 136 da santi 20. Kar ka yi dariya, na san kuɗin jirgi ya ninka haka. Kuma na ga ka ɗaga yatsa za ka ce riba haramun ce. Ban ce ka ci ba, gafarta Malam. Cewa na yi ga masu cin bashi da suka haura shekara 360 ba su ce "dawo gobe" ba. Kai na wajen mai shayi fa, yaushe?

Saura babbar tambayarka, wadda ka ɓoye a aljihu tun ɗazu: me ya shafe mu? Akwai rubuce-rubucen Larabci na hannu ɗaruruwa a gidan, domin tun 1841 Yale ta naɗa Edward Salisbury farfesan Larabci, na farko a Amurka, a 1900 kuma aka sayo mata tarin da wani masani ɗan Suwidin, Carlo Landberg, ya tara. Akwai wasiƙar da Umar ɗan Sa'id ya rubuta da Larabci a 1819, malami daga Futa Toro wanda aka kama aka kai Amurka a 1807, ya ƙare rayuwarsa a bauta a North Carolina, bai manta ayoyin da ya haddace ba. Akwai sashe guda na adabin baƙaƙen Amurka da aka kafa a 1941 da sunan James Weldon Johnson, inda takardun Langston Hughes da Richard Wright suke. A makon farko na Yuli kuma sukan fito da kwafinsu na bugun farko na takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776, jama'a su taru a karanta ta da ƙarfi, sannan a bi ta da jawabin da Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya yi a 1852 yana tuhumar ƙasar kan bikin 'yanci alhali tana riƙe da bayi. A zama ɗaya a yi kirari a yi tsiya. Irin taronka ne sak, har da abin musu.

Ka ce matattu kaɗai suke karramawa? Tun 2013 gidan ne ke gudanar da kyautar Windham-Campbell ga marubuta masu rai, ana kuma yi musu biki na karatu da tattaunawa a watan Satumba. A 2015 Helon Habila, haifaffen Kaltungo a jihar Gombe, yana cikin waɗanda suka samu, dala 150,000 kowannensu. Yanzu ta kai 175,000. Ba a cike fom, ba a kai takarda, ba a kama ƙafa. A asirce ake zaɓe, marubuci na zaune sai kawai a kira shi a yi masa albishir.

Ka ce yanzu kam ka fara jin maganar? Na sani, da aka ambaci dala musun ya yi sanyi. To je ka ka rubuta littafin tukuna, mai kyau, kuma ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba. Amma in mai kiran ya ce daga Yale yake, sai dai ka fara turo kuɗin rajista, kashe wayarka, Malam, wannan ɗan gida ne.